Madubin da ake jonawa da waya: wata biyar ina duba lakar tsohon teku da shi a ƙauyenmu

Ni malamin jogirafi ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo nan yankin Kaugama, kuma duk shekara in muka zo darasin duwatsu abu ɗaya ne yake damuna. Yaran nan basu taɓa ganin teku ba, wasu ko Kano basu taɓa zuwa ba, ni kuma ina tsaye gaban allo ina ce musu wai akwai lokacin da ruwan gishiri ya kwanta a inda Sakkwato take yau, da kifaye da kadoji suna yawo a ciki. Zasu rubuta a littafi saboda jarrabawa amma in ka kalli idonsu ka san maganar bata shiga ba. Wannan ne yasa da na shiga Kano bayan ƙaramar sallah na tsaya a kasuwar waya na sayi ɗan madubin nan mai ƙara girman abu, irin wanda ake jonawa da waya, N28,000 bayan mun sha ciniki. Yanzu wata biyar kenan yana hannuna, to bari in faɗi abin da na gani tsakani da Allah.

Shi abun kamar ƙaramar tocila yake, da waya doguwa a bayansa, da fitilu 8 ƙanana zagaye da bakinsa, sai wata taya a jiki da kake murzawa har hoto ya fito ras. Kwalin babu wani sunan kamfani na kirki, ɗan China ne, amma an rubuta 1600X ɓaro-ɓaro, wato wai yana ƙara girman abu sau dubu ɗaya da ɗari shida. Wannan ƙarya ce tsagwaronta kuma tun ranar farko na kama ta. Rula na ajiye a ƙarƙashinsa, milimita ɗaya ta fito a fuskar wayata kamar santimita 5, to ka ga sau 50 kenan. In ka manna bakinsa da abun ka ci gaba da murza tayar akwai wuri na biyu da hoto yake sake fitowa, nan kam a kwamfutar shugaban makaranta ya kai wajen sau 200, daga nan ba ƙari. Na koma na gaya wa mai shagon yace shi ma haka aka kawo masa, na yarda da shi, amma dai duk mai saye ya san da wannan kafin ya zaro kuɗinsa.

Abin dubawar kuma ƙanena ne ya kawo min. Yana karatun ilimin ƙasa da duwatsu a jami'a, an kai su fita aikin fili Sakkwato da kuma wajen Ashaka a Gombe, ya dawo hutu da ledoji cike da ɓaraguzan dutse kowace da rubutu da maka a jiki. Da na nuna masa madubin sai ya juya shi a hannu yace Yaya wannan ba zai yi maka komai ba in dutsen kawai zaka ɗora, sai ka wanke. Shi ya koya min wankin. Ba mai taurin ake ɗauka ba, ana neman mai laushin nan da yake tsakanin falle da falle, wanda in ka murza da yatsa yake rugujewa, ka jiƙa shi a ruwa da garin sabulu kwana biyu ko uku har ya koma laka, sannan ka tace. Su a ɗakin gwaji suna da rariyar ƙarfe mai ido ƙanana ƙwarai, mu kuma ƙyallen tatar koko na uwargida muka aro (sabo ne, na biya ta wani), muka riƙa zuba ruwa a hankali lakar tana wucewa har ya rage wani ɗan gari-gari kamar tsaki a kan ƙyallen. Muka shanya a inuwa. Da ya bushe muka barbaɗa kaɗan a murfin gwangwani da na shafa wa baƙin fenti.

Wallahi ba zan manta daren ba. Na ledar Kalambaina muka fara, wato farar ƙasar nan da kamfanin siminti na Sakkwato yake haƙa. Ido da ido gari ne kawai fari, amma da hoton ya daidaita a fuskar waya sai ga wasu abubuwa a naɗe kamar katantanwa, kowane an raba cikinsa ɗaki-ɗaki da layuka masu lanƙwasa tsaf kamar wanda aka zana da alƙalami, ga wasu kuma kamar ƙwayar wake da aka raba biyu, bayansu da ramuka-ramuka kamar saƙar zuma. Babban cikinsu bai fi ƙwayar gero ba, yawanci ma basu kai rabin milimita ba. Na farkon su ne foraminifera, ƙanena yana ce musu foram a taƙaice, halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya tak da take gina wa kanta ɗaki da sinadarin alli, kuma kusan dukkansu a ruwan gishiri suke rayuwa. Masu kama da waken su ne ostirakod, dangin jatan lande ne da ƙaguwa amma ƙanana, suna zaune cikin ɓawo biyu mai buɗewa da rufewa. Muka yi shiru ni da shi, uwargida ta leƙo tace wai me kuke kallo haka ne tun ɗazu abinci ya huce, da ta gani ita ma sai ta ja kujera.

To anan ne madubin ya biya kuɗinsa, domin abun ya wuce kallon sha'awa, karatu ake yi da su. Shi foram iri biyu ne, akwai mazauna ƙasan teku da suke rarrafe a laka, akwai masu shawagi a saman ruwa can tsakiyar teku nesa da gaɓa, su ɗakunansu kamar 'yan ƙwallaye ne a manne da juna. Idan ka ɗebi ɗari biyu ko ɗari uku ka ƙirga ka ga kusan duka mazauna ƙasa ne manya masu kauri, to ruwan da lakar ta kwanta a ciki bashi da zurfi, mai ɗumi ne, rana tana kaiwa har ƙasansa. Idan masu shawagi suka fara yawa to ruwa ya ƙara zurfi kuma ƙofar babban teku a buɗe take. Idan kuma ka tarar da waɗanda suka gina ɗakinsu da ƙwayoyin yashi da suka liƙa, su kaɗai ba wasu, sau da yawa alama ce ta ruwan da ya gauraya da na kogi ko wanda iska ta yi ƙaranci a ƙasansa. A na Kalambaina mun ƙirga mun sake ƙirgawa, mazauna ƙasa ne zalla, kuma haka masana suka bayyana wurin, teku ne marar zurfi wajen shekara miliyan 60 da suka wuce. A ledar Ashaka ne muka sha wahala kafin ƙanena ya tsinto guda ɗaya mai shawagi da jiƙaƙƙen gashin buroshi, ɗan mitsitsi mai ɗakuna jere biyu kamar kitso, kuma gaskiya nan madubin ya fara gazawa, ana ganin siffarsa amma dishi-dishi.

Sannan shi dutsen kansa magana yake in ka bi shi daga ƙasa zuwa sama. Ka tuna bakin kogin Haɗejia, kusa da gaɓa inda ruwa yake da ƙarfi yashi ne, can inda ruwa ya kwanta lamo laka ce mai santsi. Teku ma haka ne, yashi a gaɓa, laka da farar ƙasa a ciki. To idan teku ya cika ya matso cikin tudu, lakar zata hau kan yashin da a da shi ne gaɓa, in ya janye yashi ya sake hawa kan laka. A ƙasar Sakkwato jerin a fili yake, akwai yashi da ake kira shimfiɗar Taloka, a kansa lakar Dukamaje mai ƙasusuwan dabbobin teku, daga nan aka samo wani ƙaton mai kama da kada da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo, wannan wajen shekara miliyan 70 kenan. Sai yashi ya dawo, shimfiɗar Wurno. Sai laka ta sake dawowa a Dange, farar ƙasar Kalambaina ta hau kanta, can sama kuma yashin Gwandu na koguna ya rufe komai. Wato teku ya shigo ya fita ya sake shigowa ya fita. A gefen Gombe kuma shigowar ta fi tsufa, sama da shekara miliyan 90, dutsen yashin Bima a ƙasa, sai Yolde, sai farar ƙasa da lakar Pindiga mai cike da amonait, wata halitta mai ɓawo a naɗe kamar ƙahon rago, wadda ake tsinta a ramin haƙar Ashaka. A lokacin Afirka ta rabu da Kudancin Amurka, kwarin Binuwai ya tsage ya nutse, duniya da zafi babu tulin ƙanƙara irin na yanzu, sabbin tsaunukan ƙarƙashin teku kuma sun kumbura sun ture ruwa zuwa kan tudu, har ruwan kudu da ya biyo Binuwai ya haɗe da na arewa da ya ratso Sahara.

Da na kai aji sai na jera kofuna uku na roba mai haske na zuba yashi da laka da yashi don su ga jerin, sannan na jona madubin da kwamfutar shugaban makaranta. Yara 60 da ɗoriya a kan allo ɗaya, sai layi-layi. Wata yarinya 'yar aji biyar wadda da ƙyar ake jin muryarta ta daɗe tana kallo sannan tace Malam to ai wannan mai kama da waken akwai irinsa a fadamar bayan gari, in mun je ɗebo ruwa muna ganin wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna gudu a ƙasan bokiti. Nace gobe ki zo da ruwan har da lakar ƙasa. Ta kawo a gorar lemo. Muka ɗiga a murfi, sai ga shi kuwa, ostirakod mai rai, ɓawonsa sumul siriri har kana hango cikinsa, ya ɗan buɗe ya fito da ƙafafu kamar gashi yana ta iyo, an taɓa tebur ya rufe gam. Muka ajiye shi gefen na Kalambaina mai kauri da ramuka, na ruwan daɗi na yau da na ruwan gishiri na shekara miliyan 60, aji ya kaure da salati. Ranar ban sake cewa ku yarda da ni ba. Baba mai gadi ma da ya ji hayaniya ya shigo, na ce Baba zo ka gani, ya sunkuya ya duba ya ɗago yace ikon Allah, Malam wannan a cikin siminti yake? Nace Baba da irin dutsen ake yin sa, yace to ashe gidan Hakimi da ƙwarin teku aka gina shi.

Yanzu bari in zo inda ya ba ni haushi, domin suna da yawa. Ƙafar da yake zuwa da ita roba ce marar nauyi, kana sakin tayar hoton ya goce, ko numfashi mai ƙarfi kayi abun ya gudu daga fuska, kuma aikin tsintar foram aiki ne na hannu biyu. Sai da na kai wa mai walda a kasuwar mu ya yi min ƙafa da guntun rodi da faifan ƙarfe N2,500, daga nan ne na fara jin daɗinsa. Fitilun kuma in ka ƙure su a kan farin abu haske ne kawai yake dawo maka, layukan ɗakunan duk su ɓace, dabarar ita ce ka rage su sosai ka haska tocilar wata waya daga gefe, inuwa ita take fito da zanen. Ba kowace waya yake karɓa ba, sai mai OTG, wato wadda ake iya jona mata na'ura ta ramin caji, tawa ta karɓa ta abokin aikina malamin lissafi ta ƙi fur, saboda haka a gwada a shago kafin a biya. Manhajar da takardar ciki tace a sauke talla ce ta cika ta, sai da na nemo wata. Yana shan caji kamar me, ƙasa da awa biyu wayata ta faɗi, mu kuma nan sai shagon mai sola. Sannan bakinsa a buɗe yake, ƙura tana shiga ta zauna a kan gilashin ciki ta zama baƙin ɗigo a kowane hoto, ni a cikin safa nake ajiye shi cikin gwangwanin madara mai murfi, da hunturu kam ban san irin wanda zai bar shi a waje ya same shi lafiya ba.

Amma babban abin da ya fi ci min rai ba waɗannan bane. Da aka zo haƙa mana burtsatse a unguwa na roƙi masu injin su riƙa ɗebar min abin da yake fitowa duk bayan an ƙara bututu, suka yi min kirki, na tara leda 14, yashi ja, yashi fari mai gari, laka mai toka-toka mai danƙo, sai yashi mai tsakuwa inda aka sami ruwa. Mu nan arewa maso gabashin Jigawa a kan shimfiɗar Chadi muke zaune, yashi da lakar da koguna da tafkuna suka ajiye, shi yasa haƙa take da sauƙi, ba kamar wajen Dutse ko Birnin Kudu ko kudancin Kano ba inda inji yake cin karo da tsohon fa mai tauri. Buri na shi ne yaran su ga shaidar tsohon ruwa daga ƙarƙashin ƙafarsu ba daga Sakkwato ba. To shaidar tafki mafi ƙarfi ita ce dayatom, wani tsiro mai ƙwayar rai ɗaya da yake yin ɓawo na gilashi, wasu irinsa na ruwan daɗi mai zurfi wasu na ruwan kanwa marar zurfi, har akwai inda suka taru suka zama farar ƙasa marar nauyi kamar a Bularafa ta jihar Yobe. Sai dai yawancinsu basu kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Na wanke lakar nan, na ɗiga, na murza taya har yatsana ya yi ciwo, hazo kawai nake gani. Wannan aikin na madubin likita ne na ɗakin gwaji mai haske daga ƙasa wanda yake kai sau 400 na gaskiya. Da 1600 ɗin kwalin gaskiya ce da mun gani, shi yasa ƙaryar ta yi min ciwo.

Abun yana da ciwo ne saboda labarin tafkin namu ne. Wajen shekara 7,000 da suka wuce tafkin Chadi ya cika har ruwansa ya kai tsayin mita 320 da ɗoriya daga saman teku, alhali yanzu yana wajen mita 280, tsohuwar gaɓarsa ita ce doguwar tudun yashin nan da ta bi ta Bama da Maiduguri. Kuma a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, da aka auna aka samu ya kai shekara 8,000. Duk wannan a maƙwabtanmu ne.

Inda ya ɗan share min hawaye shi ne yashi. Na ɗebo na kan jigawa a bayan makaranta da na bakin kogi muka kwatanta, na jigawar ƙwayoyinsa kusan girmansu ɗaya, sun mulmule, jajaye, fuskarsu a dushe kamar gilashin da aka goge da yashi, aikin iska kenan, na kogi kuma manya da ƙanana a gauraye masu kusurwa suna ƙyalli. Daga nan na samu hanyar haɗa musu da teku. Wajen shekara 20,000 da suka wuce ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Amurka ta riƙe ruwa mai yawa har teku ya sauka da kusan mita 120, a irin wannan zamanin nan yankinmu fari ne mai tsanani, Chadi ya ƙafe, iska tana tura rairayi kudu, kuma jigayin da jiharmu ta ci sunansu ragowar irin waɗannan lokutan ne. Shi wannan mita 120 ɗin ma foram yana cikin masu ba da shaida, ana auna nau'in iskar oksijin mai nauyi da marar nauyi a ɓawonsa, domin in ƙanƙara ta yi yawa marar nauyin ita take tafiya cikinta ta bar mai nauyi a teku, aikin da wani masani Cesare Emiliani ya fara a 1955, wani masanin kuma Nicholas Shackleton ya gyara fahimtarsa a 1967. Wannan kam inji ne na miliyoyi, ba na kasuwar waya ba. Kuma ƙanena ya ja min kunne a kan abu ɗaya da nake maimaita wa yara, zurfin ruwa a wuri guda ba shi ne tsayin tekun duniya ba, don ƙasa ma tana nutsewa tana tasowa, sai an gwama wurare da yawa a nahiyoyi daban-daban an ga sun cika tare sun janye tare.

To malamin makaranta ɗan uwana da yake tunanin saye, ni dai nace ka saya, amma ka saye shi a matsayin mai sau 50 zuwa 200, ka nemi mai ƙafar ƙarfe ko ka ware kuɗin mai walda, ka tafi da wayarka a gwada, kuma ka fara neman wanda zai kawo maka laka mai laushi daga Dange ko Kalambaina ko Ashaka, don in ba samfur kwana uku zaku gama kallon ƙafar ƙuda da zaren riga ku ajiye shi. Ɗalibin jami'a mai aikin kammala karatu kuwa kada ya ɓata kuɗinsa, ba zai iya tantance iri da shi ba. Ledojin burtsatsen nan 14 suna nan a kan tagar ofis kowace da zurfinta a rubuce, ƙanena yace in ya koma zai roƙi malaminsu ya bari a duba ta tara da ta goma, masu lakar toka-tokar, a babban madubi, ya turo mana hoton ta waya. Yarinyar da ta kawo ruwan fadama tun yanzu kusan kullum sai ta tsaya bakin ofis ta tambaya, Malam an turo?